Lambar Kawu Ta Fi Ta Kowa

Ni ne mutum na farko a layinmu da ya taɓa ɗura wa kwamfuta ɗaya intanet huɗu, kuma har yau ba a samu na biyu ba. Masu baƙin ciki suna cewa ai don an ga yadda na farkon ya ƙare ne. Ba ni da lokacinsu.

A gida Auta ake ce mini, amma a waje Injiniya nake, kuma ni na raɗa wa kaina sunan da na ga mutane suna nauyin baki. Na yi makarantar koyon kwamfuta har na kusa rabi, sai na lura malaman sun fara tara mu a ɗaki suna yi mini tambayoyi a rubuce, har da wani yana zagayawa kada in leƙa na maƙwabci. Na ce in dai ni ne zan riƙa ba su amsa, gara in zauna a gida su zo su same ni. Ba su zo ba tukuna.

Gidanmu bene ne. A sama akwai ni da Mama da Yaya, sai Kawu, yayan Mama, wanda shi ne mai ginin gaba ɗaya kuma ba ya bari a manta. A ƙasa shaguna uku ne a jere: na Tela, na Mai Aski, sai na Mai Kemis, wata mata marar yawan magana da ta kama haya kwanan baya.

Yaya ta gama karatun jinya, ta yi ta yawon neman aiki har takalminta ya karkace. Ana nan sai wani babban asibiti a wani gari ya ce zai yi mata tambayoyin ɗaukar aiki ta bidiyo. Sau ɗaya ake yi. In ba a same ka ba, a kira na bayanka. Ga shi sabis a falonmu kamar baƙon da ya yi ɓatan kai yake, ya leƙo, ya ce a yi haƙuri, ya fita. Don haka ta shirya za ta tsallaka gari ta yi a ofis ɗin wata ƙawarta.

Na ce, "Yaya, kina da Injiniya a gida ki tafi aron intanet a ofis ɗin mutane? Me za a ce da ni a layi?"

"Abin da aka saba cewa," in ji ta, ko kai ba ta ɗago daga littafi ba.

Na jawo kujera na yi mata bayani. Hanya ɗaya takan toshe. Amma kwamfuta, in ka iya yi mata magana, tana bin hanyoyi da yawa lokaci guda. Babbar manhajar da ke tafiyar da ita tana da wani baƙin allo da ake rubuta mata umarni: ga hanya, ga hanya, ga wata hanyar. A gefen kowace hanya sai ka sa lamba. Duk sanda za ta aika wani abu waje ta duba lambobin ta raba aikin. Mai babbar lamba ya ɗauki kaso mai yawa, mai ƙarama ya ɗauki kaɗan.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan a baki. A hannu sai irinmu."

Mama ta leƙo daga kicin ta ce, "Ki bar shi ya gwada mana. Ko sau ɗaya a ce an ci amfaninsa."

Wannan a wurin Mama yabo ne. Na karɓa.

Na sauka ƙasa neman hanyoyi. Mai Kemis tana da intanet na kebul, mai ƙarfin gaske. Na roƙa, ta ce in dai ba zan taɓa firij ɗin allurai ba, in ja. Na jawo kebul ta tagarta, na bi jikin bango da shi, na shigo ta tagar falonmu. Tela yana da akwatin waifai da yake kallon sababbin ɗinkuna da shi, ya ba ni kalmar sirri bayan ya sa na rantse ba zan kalli ƙwallo ba. Mai Aski kuwa wayarsa ce za a jona wa kwamfutar da igiyar caji ranar da za a yi.

Na buɗe baƙin allo, na rubuta hanyoyi uku, kowace da sunan mai ita don aikin ya yi kyan gani. Mai Kemis na ba ta biyar, Tela uku, Mai Aski biyu. Muka gwada. Yaya ta kira ƙawar tata ta bidiyo, hoto ya fito tangaran, har ƙurjin da ke goshin ƙawar ana ƙirgawa. Murya kamar tana zaune a kan kujerarmu.

Yaya ta kalle ni irin kallon da ba ta taɓa yi mini ba. Ta ce wa ƙawar ta bar batun ofis, an samu a gida. Sannan ta juyo.

"Auta, ka yi ƙoƙari. Kada ka sake taɓa komai."

Na ce, "Haba, Yaya."

A nan ya kamata labarin ya ƙare, sai dai gashina ya taru.

Ina zaune a kujerar Mai Aski, ya ɗaura mini ƙyalle a wuya, sai bakina ya yi ƙaiƙayi. Na ce, "Ka san a cikin kwamfutar nan kowa da lambarsa? Taka biyu."

"To, madalla."

"Ta Tela uku."

Injin aski ya mutu a bayan kunnena.

"Uku? Tela? Mutumin da ni na nuna masa inda ake zubar da shara a ginin nan? Lokacin da ya zo ko kujera ba shi da ita, a kan bokiti yake ɗinki!"

"Ni ma na yi mamaki," na ce. "Amma ka san kwamfuta."

"Ana gyarawa?"

"Da wuya. Sai dai a hannun wanda ya sani."

Aski kyauta, har da man ƙamshi. Na hau sama na mai da shi goma. Na sauko da wani wandona da aljihunsa ya yage, na shiga wurin Tela, na ce masa ai Mai Aski ya zama goma. Tela ya zare allurai uku daga bakinsa ɗaya bayan ɗaya, ya soke su a matashi.

"Wayar hannu ce ta fi akwatina? Akwati mai ƙaho biyu?"

"Haka na gani a rubuce."

"Wa ya rubuta?"

"Yanayi ne."

"Mai da ni ashirin. Kawo wandon."

Ban taɓa ce musu lambar ta girma ce ba, a rubuta wannan. Ban kuma ce ba ta girma ba ce. Ba su tambaya ba. Ni dai na san kwamfuta ba wawiya ba ce, in ta ga hanya ba kyau ai za ta kauce da kanta. Daga baya wani ya ce mini a zangon da na bari ne ake koyar da cewa ba ta kaucewa, abin da ka rubuta shi take bi ko da rami ne a gaba. To wa ya ce su ajiye muhimmin abu a ƙarshe?

Kafin a ce me, Mai Aski ya kai arba'in, Tela sittin, Mai Aski saba'in da biyar. An yi mini aski har aka rasa abin askewa, ya koma gyara mini gira. Tela ya ɗinke duk abin da ya yage a gidanmu, ya fara rage wa lafiyayyun wanduna tsawo. Suka daina gaisawa. In Mai Aski zai wuce ƙofar Tela sai ya ce da iska, "Saba'in da biyar dai," Tela kuma ya taka keken ɗinki da ƙarfi.

Na je wa Mai Kemis da irin wannan ciniki, don ina son maganin tari mai zaƙin nan. Na jingina da kanta na ce, "Anti, an fa wuce ki. Har yanzu kina biyar."

"Allah ya kiyaye hanya," ta ce. "Magani kake so?"

"Ana iya ɗaga ki."

"Ina nan daidai."

Mutum ba ya son ci gaba, me za ka yi masa? Na hau sama na mai da ita ɗaya, don ta san akwai hukuma.

Sai maganar ta kai kunnen Kawu.

Ya aika aka kira ni ɗakinsa. Na same shi zaune a bakin gado, ya ɗora wani ƙullin hankici a cinya. Ya kwance shi a hankali kamar mai fito da zinare. Modem ne, irin na da, ɗan fari mai kama da yatsa, ya yi ruwan ƙasa don tsufa.

"Ka san wannan?"

"Na taɓa gani a hoto, Kawu."

"Da shi aka fara intanet a layin nan, kana yawo ba wando. Na ji ana rabon lamba a gidana, 'yan haya sun samu, mai gida bai samu ba."

"Allah ya ƙara girma, ai ba a kai ga manya ba ne. Daga ƙasa ake farawa."

"Sa mini dubu."

Muka fito falo. Na soka modem ɗin, ya yi tunani mai tsawo, sannan wata 'yar fitila ta fara ƙiftawa kamar mai jin barci. Yana aiki, amma sai a bakin taga, kuma sai an ɗaga shi sama da kai. Na nemo doguwar igiya na jona. Na rubuta dubu, kwamfuta ta ƙi. Na rubuta ɗari biyar, ta ƙi. Muka yi ta saukowa kamar masu ciniki a kasuwa, har ta karɓa a ɗari biyu da hamsin da shida.

"Nan ne ƙarshe?" in ji Kawu.

"Nan ne rufin, Kawu."

"Ba wanda zai iya hawa sama da nan?"

"Ko ni."

Ya gyara zama. "Ita Mai Kemis nawa?"

"Ɗaya."

"Yarinyar tana da tarbiyya. Rubuta."

Ban sake gwadawa ba. Gwani ba ya gwaji sau biyu, sai a ɗauka bai yarda da kansa ba.

Ranar da za a yi, Yaya ta tashi da wuri ta goge farar rigarta, ta jera takardunta, ta zauna gaban kwamfuta ta juya wa labule baya. Ta ce tana son shiru. Shirun bai samu ba, don kowane mai lamba yana son ya ga lambarsa tana aiki. Tela ya hawo da tef a wuya. Mai Aski ya kawo wayarsa na jona, ya ce ya bar wani a kujera amma yanzu zai koma. Kawu ya fito cikin rigarsa ta zuwa taro, ya taka kujerar katako a bakin taga, ya ɗaga modem sama da hannu ɗaya. Na ce in riƙe masa, ya ce lambarsa ce, shi zai riƙe abinsa.

"Me ya kawo modem ɗin Kawu nan?" in ji Yaya.

"Ƙari ne. Hanya huɗu ta fi uku."

"Ka taɓa wani abu?"

"Gyare-gyare ne na cikin gida."

Ba ta samu damar ci gaba ba, don allon ya buɗe. Mutum uku suka bayyana: wata mata mai tabarau a tsakiya, wadda ita ce shugabar ma'aikatan jinya, da maza biyu a gefenta. Matar ta buɗe baki za ta yi gaisuwa, sai ta tsaya a haka. Baki buɗe, ido ɗaya a rufe. Muka jira. Ta ci gaba da tsayawa.

"Lafiyarta kuwa?" in ji Mama daga ƙofar kicin.

"Hoton ya bi ta modem ɗin Kawu ne," na ce. "Yana tafe."

"Ka ji ko," in ji Kawu daga sama. "Ta wurina ya bi."

Can sai murya ta iso ita kaɗai, ba tare da bakin ba: "Ki gabatar mana da kanki." Yaya ta gyara murya ta fara, tiryan-tiryan, yadda ta yi ta haddacewa. Tana tsakiyar makarantar da ta yi, sai muryar ta sake faɗowa: "Kina jin mu?" Ta ce tana ji. Ta ci gaba. Sai ga tambaya ta biyu, ta uku na bin ta a guje, suka shigo tare kamar an buɗe ƙofa. Hoton ya motsa sau ɗaya, matar ta rufe baki, ɗaya namijin ya bayyana da yatsa a kunne, suka sake daskarewa.

"Kawu, ɗaga sama kaɗan," na ce.

Ya ɗaga.

"Karkata hagu."

"Hagun wa?"

"Na titi."

Daga cikin kwamfuta muryar matar ta ce, "Ba mu gane ba. Mun tambaye ki abin da za ki fara yi wa wanda ya suma, kin ce a karkata shi wajen titi?"

Yaya ta buɗe baki za ta gyara, sai wayar Mai Aski ta ɗauki kiɗa. Ashe muryar ta wayarsa take bi, kuma wayar irin wadda in kira ya shigo data take ɗaukewa. Muryar ta mutu ɗif. Mai Aski ya duba, ya ce, "Uwargida ce," ya ɗauka tana jone da igiya, ya sunkuyo har kansa ya shigo gefen hoton Yaya.

"Ina aiki! Aikin intanet! Gas ɗin? Na ce zan sayo! Saba'in da biyar nake yanzu, ki bar ni!"

Allon ya yi fari. Wani rubutu ya fito, wai an ga ta shigo daga wurare daban-daban, ko wani ne ya sace mata asusu? Dalili kuwa, kowace hanya da adireshinta. Su can sun ga Yaya ɗaya ta shigo ta ƙofa huɗu, suka ɗauka ɓarayi ne. Wannan ba laifina ba ne, rashin yarda da mutane ne irin nasu.

Ta sake shiga. Aka sake koro ta.

Ana cikin haka aka turo ƙofa. Wani mutum ne da ƙyalle a wuya, rabin kansa tas, rabi daji. A bayansa wata mata da ta zo karɓar ɗinki, a bayanta wasu biyu da suka ga ana hawa bene suka biyo don kada a yi ba su.

"Malam, ka ce yanzu za ka dawo," in ji mai rabin kai.

"Zauna, ai ba tsirowa zai yi ba," in ji Mai Aski.

Saƙo ya shigo wayar Yaya. Ta karanta a fili, muryarta ba hawa ba sauka: za su jira ta sau ɗaya tak, akwai wasu a layi. Ta ajiye wayar. Ta juyo da kujerarta gaba ɗaya.

"Auta."

In Yaya ta yi tsawa, da sauƙi. In ta kira sunanka a hankali, ka fara duba inda ƙofa take. Ƙofar kuwa mai rabin kai ya tare.

"Ba ni daƙiƙa," na ce. Na sunkuya kan kwamfutar, na buɗe baƙin allo, na kai hannu kan lambar Kawu zan ɗan rage ta. Kawu, mutumin da ba ya ganin rubutun kwalbar magani sai an karanta masa, daga saman kujera ya hango.

"Cire hannunka daga lambata."

"Kawu, aro zan yi, in mayar."

"Ka taɓa ta, ka nemi gidan kwana."

"In za a rage, a fara da Tela," in ji Mai Aski.

"A fara da mai wayar da matarsa ke kashe intanet," in ji Tela.

Yaya ta leƙa allon. Ta ga ɗari biyu da hamsin da shida. Ta ga sittin, ta ga saba'in da biyar. Ta ga ɗaya a gefen sunan Mai Kemis. Ta daɗe tana kallon ɗayan nan.

"Faɗa musu mece ce lambar," ta ce. "Yadda ka faɗa mini ranar farko. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Ni mutum ne da ba ya ɓoye ilimi. Na miƙe na gyara wuyan riga na yi musu darasi kyauta. Na ce lamba kaso ce. Mai babbar lamba, ta kansa yawancin aikin yake bi. Shi ake ɗora wa kaya, datarsa ake sha. Mai ƙaramar lamba kuwa yana zaune yana hutawa.

 

Tela ne ya fara magana. "Wato mai babbar lamba shi ne jakin gidan."

"Ban ce jaki ba. Mai ɗaukar kaya."

"Wanduna bakwai na ɗinka don a ɗora mini kaya?"

Mai Aski ya danna wayarsa, ya ga abin da ya rage masa na data, ya yi wani sauti kamar an taka shi. "Ni ban taɓa neman saba'in da biyar ba! Ina zaman lafiyata da biyu, yaron nan ya zo ya tura ni!" Ya fizge wayar daga igiya.

"Ni ma uku ta ishe ni, wallahi ban da buri!" in ji Tela, ya ture mai rabin kai ya sauka bene a guje don ya kashe akwatinsa.

Saura Kawu. Yana tsaye a kan kujera, hannu a sama, cikin rigar zuwa taro, 'yan kallo na kallonsa ta ƙasa, wasu kuma daga titi ta taga.

"Ɗan dako," ya ce a hankali. "A gidana. Ni ne babban ɗan dako."

"Mafi girma, Kawu. Ba wanda ya kai."

Ya finciko igiyar, bakinta ya fita daga jikin kwamfuta ya daki labule.

Hanya uku suka mutu a lokaci guda. Saura ɗaya: kebul ɗin Mai Kemis, mai lamba ɗaya. Da kwamfuta ta duba ta ga ba wanda za ta raba wa, sai ta tattara komai ta bi ta nan. Yaya ta danna shiga. Hoto ya fito tangaran, murya garau, har ƙarar fankar ofishinsu ana ji. Ina so a lura cewa wannan kebul ni na jawo shi.

"Yawwa, yanzu muna ganin ki sosai," in ji mai tabarau. Ta ɗan matso da fuska. "Muna ganin... kowa."

Daidai nan Kawu ya sauko da hannunsa da ya daɗe a sama, ya nemi taka ƙasa, jiri ya ɗebe shi. Ya yi baya, ya yi gaba, ya tafi luu.

"Ku yi mini uzuri," in ji Yaya ga masu tambaya. Kafin ya kai ƙasa ta tare shi. Ta kwantar da shi a kan doguwar kujera, ta ɗora ƙafafunsa kan matashi, ta ɓalle masa maɓallin wuya, yatsunta biyu a wuyan hannunsa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Mama, ruwa. Mai Aski, ɗauki mutuminka ku sauka, ka ƙarasa masa kai. Baiwar Allah, ɗinkinki yana ƙasa. Ku biyun nan ban san ku ba, ku buɗe taga ku fita. Auta, leƙa ka ce Anti ta kawo abin awon jini, sannan ka tsaya inda ba za ka taɓa komai ba."

Falon ya watse kamar an share. Mai Kemis ta hawo da abin awo, aka ɗaura wa Kawu. Ya buɗe ido ya ce a cire sunansa daga kwamfuta. Yaya ta ce an cire, ya yi shiru ya sha ruwa. Mai Kemis ta kalli kebul ɗinta a taga.

"Yana aiki?"

"Yana yi," in ji Yaya.

"To." Ta sauka.

Yaya ta wanke hannu ta dawo ta zauna, ta ba da haƙuri. Su ukun suna nan, ba wanda ya daskare, sai dai ɗaya namijin ya rufe baki da takarda, kafaɗunsa na rawa.

"Kullum haka gidanku yake?" in ji mai tabarau.

"A'a. Yau ba mutane sosai."

"Wancan da ƙafafunsa suka fito ta ƙasan labule fa?"

"Ƙanena ne. Ba ya cikin marasa lafiya tukuna."

Ba ɓuya na yi ba. Ta ce in tsaya inda ba zan taɓa komai ba, kuma duk falon nan ne kawai ba komai.

Suka yi mata sauran tambayoyin, ta amsa. Ba a daɗe ba suka kira suka ce ta zo ta kama aiki, a sashen gaggawa, wai sun ga ta saba. Na yi ta jira a ce an gode. Ku duba fa: wa ya kawo kebul? Wa ya tara jama'a? Wa ya hau da Kawu kan kujera har aka samu marar lafiyar da za ta nuna gwaninta a kansa? Wasu sai sun biya ake shirya musu irin wannan. Da na faɗa wa Yaya haka, ta dube ni ta ce in miƙo mata jakarta, kuma in riƙe ta da hannu biyu.

Mai Aski yanzu yana yi mini aski da kuɗi, kuma ba ya magana in yana yi, abin da ya sa nake zama da kyau. Tela ya ce wandunan da ya rage wa tsawo ba a mayarwa, don haka duk inda na bi ana ganin idon sawuna. Sun shirya da juna, har shayi suke sha tare, in na wuce su yi shiru. Kawu ya mayar da modem cikin hankici.

Ranar da Yaya ta tafi, Mama ta kira ni kicin. Ta ce yanzu da babu Yaya, dole a sake rabon aikin gida: shara, wanke-wanke, wanki, cefane, ɗauko gas, hawa da ruwa in famfo ya ɗauke. Ta ce tsarina ya burge ta, da shi za a yi.

"Ni lambata ɗaya," ta ce. "Kawunku an zare shi, likita ya ce ya huta."

"Ni fa?"

"Ɗari biyu da hamsin da shida."

"Mama, ai wannan..."

"Na so in ba ka dubu, ka cancanta. Amma kai ka ce nan ne rufin."

Ta miƙo mini tsintsiya.

Don haka duk wanda ya ce muku Injiniya ya faɗi, ku ce ya zo ya duba. A duk ginin nan, sama da ƙasa, ba mai lambar da ta kai tawa.